Karen da Na Hana Tsayuwa

Ni ban yi boko ba, allon ma ban kai ko'ina ba. Abin da na sani tun ina yaro shi ne kare. Ko in ce abin da na ɗauka na sani.

An haife ni a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi a Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka da ƙafa, zangon da ba a tashi ba har yau. Babana manomi ne da damina, mafarauci da rani. Karnukansa huɗu, jajaye, sirara, haƙarƙari a waje. Ba sa shiga ɗaki, ba a shafa musu kai. In an fita daji sai ya yi bismilla ya sake su, su bi zomo ko gafiya har su kama. Kare mai kyau a wurinmu shi ne wanda zai ga nama ya tafi kamar an harba shi. Wanda ya ga nama ya tsaya matsoraci ne, kuma babana ba ya ciyar da matsoraci. Yana da wata al'ada da ba ya sakewa. Ranar da kwikwiyo ya yi kamun farko, nan take za a yanka abin, a farke cikin, a ba shi hanta da ɗuminta. Yakan ce sai jini ya shiga bakin kare yake sanin aikinsa.

Da wannan ilimin na zo Alƙahira, da mata ɗaya, da 'ya'ya uku, da jaka biyu.

Muna zaune a Ard al-Liwa, ɗaki biyu a hawa na biyar, rana ba ta leƙo mu sai da la'asar. Aiki kuwa a Mohandessin yake, tsallaken hanyar jirgin ƙasa. Na yi dako, na yi wankin mota, na yi sharar ofis. Wata rana bawwab na wani dogon bene, wato mai gadin ƙofa, ya kira ni ina goge gilashi.

"Kai Basudane, kana tsoron kare?"

Na ce a cikinsu na tashi.

"Yalla, zo. Akwai wani kare a hawa na takwas ya kori mutum biyu."

Mai gidan ɗan kasuwa ne, ƙarfen gini yake sayarwa, kowa Basha yake ce masa. Akwai matarsa, Madam, sai uwarsa tsohuwa da ake kira Hajja, wadda ba ta tashi daga kujerarta ta bakin baranda sai in salla ko barci. Karen kuwa Basha ya saye shi ne don abokansa na kulob duk suna da karnuka, shi ma ba zai zauna haka ba. Ya ce a kawo masa mai tsada. Aka kawo masa na farauta irin na Jamus, mai gajeren gashi, wanda Masarawa ke ce wa bointar. Sun ba shi wani sunan Turawa da bakina ya ƙi kamawa. Ni Bajamushe nake ce masa, kuma yana amsawa.

Ban taɓa ganin kare irinsa ba. Kansa launin hanta, jikinsa fari da ɗigo-ɗigo kamar mai cin goro ya fesa masa. Ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, ƙafafu dogaye. Kunnuwa a zube, masu laushi kamar tsohon ƙyalle. An yanke masa rabin wutsiya. Tsakanin yatsunsa akwai fata irin ta agwagwa, domin har ruwa yake shiga. Likitan dabbobi da muke kai shi wurinsa ya ce irinsu duk aikin farauta suna yi, tsuntsu a gona, agwagwa a tafki, bin sawu a daji. Ya ce in riƙa goge masa cikin kunne kowane mako saboda iska ba ta shiga, kada in ba shi abinci dab da gudu don cikinsu yana murɗewa, kuma a bar shi ya yi gudu sosai kullum. Ya faɗi wasu abubuwan da Larabcin likitoci. Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Ɗan mafarauci zai tambayi mai farar riga yadda kare yake?

A gida kuwa abu biyu ne shi, rahama da masifa. Ba ya cizo, ba ya haushin banza. In jikokin Hajja suka zo ranar Juma'a sai su hau shi, su ja masa kunne, yana kwance yana kaɗa guntuwar wutsiya. Duk inda ka nufa yana bayanka, ko banɗaki ka shiga za ka fito ka tarar da shi a bakin ƙofa. Kare ne mai son mutane fiye da yadda mutane ke son juna. Amma ka bar shi shi kaɗai awa biyu, ka dawo ka ga aiki. Ya ci ƙafar tebur. Ya fatattaka soson kujera har falon ya koma kamar wurin masu katifa. Ya cinye takalmin Madam ɗaya, ya bar mata ɗaya.

Ranar takalmin ne Madam ta tara mu, ni da Basha da karen.

"Halas, ya isa haka. Ɓarna ɗaya ta rage masa. In ya sake, ya bar gidan nan. A kai shi sito ya yi gadin ƙarfe."

Sitonsu yana can hanyar hamada, fili ne da katanga da rana. Na san abin da sarƙa take yi wa kare irin wannan. Tun daga ranar na sa wa raina cewa Bajamushe ba zai je sito ba.

Na dube shi na ga ba mugunta ce ke damunsa ba. Ƙafafu ne. An ɗauki abin da aka halitta don ya yi wuni yana gudu, an ajiye shi a kan tayil, ana zagaya bene da shi sau biyu kamar tsoho mai ciwon suga. Na roƙi Basha ya bar ni in riƙa fita da shi nesa. Ya ce in yi duk abin da zan yi, kada dai ya ƙara jin muryar Madam.

Sai na fara zuwa bayan sallar asuba in ɗauke shi. Mu tsallake hanyar jirgi, mu ratsa unguwarmu, mu bi ƙarƙashin babban titin da ya zagaye gari, har inda gine-gine suka ƙare, inda sauran gonakin barsim suke, ciyawar da suke yanka wa dabbobi. Tafiya ce mai nisa, karnukan titi suna binmu da haushi, ni da sanda a hannu. A can nake kwance masa igiya. Ranar farko da na sake shi, wallahi sai da na ji tsoro. Ya tafi dama, ya dawo hagu, hanci a sama, yana yanka gonar kamar mai saƙa. Ya faɗa magudanar ruwa ya fito, ya koma. Da muka dawo gida ya kwanta a ƙafar Hajja, bai motsa ba sai azahar.

Shi ke nan fa. Ɓarna ta tsaya cak. Wata biyu ko tsinke bai tauna ba. Hajja ta fara ajiye ƙafarta a bayansa tana jan carbi. Madam da kanta ta ce da ni, "Tamam," wato ya yi. Da na tsaya nan, da yau ba ni da labarin bayarwa.

Amma ta unguwarmu nake bi da shi kullum, kuma unguwarmu tana da baki. Akwai wurin mai shayi inda mutanenmu ke zama. Ina dawowa da yamma za a fara.

"Ga sarkin karnuka nan! Ku matsa masa, kada ya goga mana."

"Kai, yau alwalarka nawa?"

Wata rana wani ɗalibi Bakano mai karatun addini a nan ya shigar mini. Ya ce, "Haba jama'a, ku bar bawan Allah. A Malikiyyarmu kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki ake wankewa. Kuma karen farauta ai an halatta ajiye shi."

Wani dattijo ɗan garinmu, wanda ya san babana, ya ajiye kofinsa. "To malam, wannan farautar me yake yi a hawa na takwas? Farautar kujera? Ubansa ya ci da mu da naman daji, shi kuma yana bin kare da leda yana kwashe masa kashi."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don kada a ce na ji. Amma na ji. Na je gida, matata ta tare ni a bakin ƙofa kamar kullum, ta ce, "Baban yara, kayan aikin nan a nan za su tsaya." Na tuɓe a tsaye a kan matakala kamar mai cuta. A ranar na ce sai na mai da Bajamushe karen farauta na gaske, ko don in san abin da nake riƙe wa igiya.

Akwai wani hali nasa da ya daɗe yana ba ni haushi. In ya ji warin tsuntsu a cikin ciyawa, maimakon ya faɗa masa, sai ya ƙame. Ya miƙe wuya, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, wutsiya a sandare, jiki na ɗan rawa, ba ya ko ƙiftawa. A gida ma haka. Hajja tana da 'yan tsuntsaye biyu koraye a keji a baranda, ta fi shekara biyar da su, tana yi musu hira kamar mutane. Bajamushe sai ya tsaya a gabansu a ƙame har ka gaji da kallo. Mutanen gidan suna dariya, suna ɗaukarsa a waya. Ni kuwa kunya nake ji. Ƙaton kare kamar maraƙi yana tsoron abin da bai kai loma ba.

Na je wurin mai kaji na sayi simman mai rai, wata 'yar tsuntsuwa mai kama da salwa. Na rage mata fiffike, na sake ta a cikin barsim. Ya ji warinta, ya ƙame. Na yi masa fito irin na babana. Bai motsa ba. Na tura shi da gwiwa. Ya juyo ya dube ni kamar yana tambaya, sa'an nan ya je ya ɗauko ta, ya kawo, ya ajiye mini a tafin hannu. Da ranta. Ko gashi ɗaya bai cire mata ba, sai yawu. Na ce a raina, Turawa sun cuci karen nan, ko haƙori ba su bar masa ba.

Na yanka ta, na farke ta, na miƙa masa hanta da ɗuminta. Ya sunsuna, ya kau da kai. Na buɗe bakinsa na sa masa.

Sati bakwai na yi ina wannan aikin. Duk sanda ya ƙame, in daka masa tsawa. Sau biyu na zabga masa igiya, ba zan ɓoye ba. Duk sanda ya yi tsalle ya kama, in yi masa kirari, in ba shi kayan ciki. Kare ne mai kai, kuma abin da yake so a duniya shi ne ya ga na ji daɗi. Ya gane. Ranar da na ji ƙashi ya yi ƙaras a bakinsa tun kafin in ƙaraso, sai da na ce, yauwa, ga ɗan halak. Na dawo unguwa ina tafiya kamar na ci yaƙi.

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, ina goge ƙasan kicin, na ji ƙarar ƙarfe a baranda, sai ihun Hajja. Na fito da gudu. Keji a ƙasa, ƙofarsa a ɓalle. Tsuntsuwa ɗaya ta fice ta bi iska. Ɗayar tana bakin Bajamushe. Ya ratsa falo da ita, jini na ɗiga a kan kafet, ya zo gabana yana kaɗa wutsiya, yana jiran kirari.

Hajja ba ta zagi kowa ba. Cewa kawai take yi, "Bai taɓa ba. Ai kallonsu kawai yake yi. Bai taɓa ba."

Madam ta ce, "Sito. Yau."

Hajja ce ta roƙar masa, ita da aka yi wa ɓarnar. Ta ce tana da ƙane a Fayyum, tsohon maharbi, yana da gona, kuma ya daɗe yana cewa in irin wannan karen ne yana so. A kai masa ya gwada. Na ji sanyi a raina. Na ce to, ga ranar da aikina zai fito. Gona, da ruwa, da mafarauci. Wane gata ya fi wannan?

Ranar Juma'a muka tafi, Basha na tuƙi, ni da karen a baya. Kawun nasa wani siririn tsoho ne mai farin gashin baki, yana ɗingishi. Ya duba haƙoran Bajamushe, ya shafa ƙirjinsa, ya buɗe yatsunsa, ya ce masha Allah, ɗan asali ne. Ya ce amma bari mu fara ganin tasa tukuna. Ya kira wata tsohuwar karya irin wannan jinsin, bakinta duk furfura.

Muka shiga gona. Ta yi dama, ta yi hagu, sai ta ƙame. Wuya a miƙe, ƙafa ɗaya a sama. Na kusa yin dariya, na ce ashe duk zuriyar matsorata ne. Tsohon bai yi sauri ba. Ya taka a hankali da ɗingishinsa har ya iso bayanta, ya gyara bindiga a kafaɗa, ya faɗi kalma ɗaya. Ta matsa taku guda. Tsuntsuwa ta tashi daidai gabansa. Ya harba. Karyar ta je ta ɗauko, ta ajiye masa a hannu, gashinta a kwance kamar ba a taɓa ta ba.

A nan na gane. Babana da ƙafa da kare yake farauta, dole kare ya kama. Waɗannan da bindiga suke yi. Aikin karen shi ne ya nemo, ya tsaya ya nuna, ya jira mai shi. Tsayuwar ita ce karen.

Aka ce a saki namu. Na kwance igiya. Ya tafi kamar an harba shi, kamar yadda na koya masa. Ya ji wari, bai ko rage gudu ba. Tsuntsaye suka tashi can nesa inda harsashi ba ya kaiwa. Ya bi su har ƙarshen gona. Ya dawo ya tayar da wasu. A na uku ya cafke ɗaya a ƙasa, muna jin ƙaras daga inda muke. Ya kawo mini rabi.

Tsohon ya karya bindigarsa ya rataya a hannu.

"Wannan tsayuwar ba koya musu ake yi ba, da ita ake haihuwarsu. Wani ne ya zauna ya cire masa ita. Kuma an ba shi ɗanyen nama daga abin da ya kama. Wane jakin ne ya yi wannan aikin?"

Ni yake kallo. Karen ma a gabana yake zaune da gashin tsuntsu a baki.

Basha ya ce, "Wanda ya sayar mini ne, ɗan banza. Tun farko na ga alama."

Tsohon bai ɗauke ido daga kaina ba. "Kai ne kake fita da shi. Me ka gani?"

Na tuna hawa na biyar, da bakuna huɗu da ke jirana. Na ce, "Ban san komai ba, ranka ya daɗe. Gudu kawai nake kai shi."

Ya gyaɗa kai. Basha ya tambaya ko yana gyaruwa. Tsohon ya ce yana iya gyaruwa, amma aikin shekara ne, kullum, kuma a hannun wanda karen ya yarda da shi, wanda ya san abin da aka yi masa. Ya ce shi gwiwarsa ba ta da shekarar bayarwa, kuma ba zai haɗa shi da karyarsa ya lalata mata tsufa ba. "Ma'alish," ya ce, wato a yi haƙuri. Ya shafa kan Bajamushe, ya juya.

Wannan maganar ƙofa ce ya buɗe mini, na sani. Da na ce ni ne, ku ba ni shekarar, wataƙila a kore ni, wataƙila a ba ni. Ban gwada ba. Ba mu koma Mohandessin da shi ba. Daga Fayyum sito muka wuce. Ni na ɗaura masa sarƙar da hannuna, don ba ya yarda da kowa.

Ba a kore ni ba. Har yau ina gidan, ina shara, ina cefane, ina tura Hajja a keken guragu zuwa wurin likita. Tana gaya wa baƙi cewa Basudanen nan mutum ne mai amana. A wurin mai shayi an daina ce mini sarkin karnuka. Matata ta daina tare ni a bakin ƙofa.

Wani lokaci direbobi da masu aikin gidaje sukan tambaye ni, wai mai gidansu yana son sayen irin wannan karen, ya yake a gida? Nakan ce babu kamarsa, in akwai mai ƙafar da zai kai shi gudu kullum, in kuma ba za a rufe shi shi kaɗai ba. In babu, su bar wa masu gona abinsu. Sauran ba na faɗa.

Na je sito sau uku. Mota biyu ake hawa, sa'an nan a taka. Zuwan ƙarshe da sanyi ne, na kai masa tsohon bargo, don gashinsu ba ya tare komai. Tun daga ƙofa ya gane tafiyata, ya miƙe yana kuka kamar yaro. Ya rame, kaska ta cika masa kunne. Na zauna a kan ƙarafa ina cire masa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora haɓarsa a cinyata.

Mai gadin wurin ya zo ya tsaya a kanmu. "Karen nan naku ba shi da amfani. Ɓarawo ma in ya shigo lasarsa zai yi. Amma tsaya ka ga wasa."

Ya watsa ɓarɓashin burodi ɗan nesa kaɗan. Tantabaru suka sauko. Bajamushe ya zabura daga cinyata da dukkan ƙarfinsa, sarƙa ta ƙare, ta fizgo shi ta wuya, ya faɗi ta baya. Ya tashi ya sake. Sai a lokacin na lura wuyansa duk ya saɓule, babu gashi, sai jan nama.

"Haka yake yi wuni guda," in ji mai gadin, yana dariya. "Ko sau ɗaya ba ya tsayawa. Wa ya koya masa wannan haukan?"

Na shimfiɗa bargon a inda iska ba ta bugawa, na cika masa kwanon ruwa. Na ce da mutumin ya bar watsa burodin, don Allah. Ya ce to, yana dariya. Na fita ban waiwaya ba, ina jin ƙarar sarƙar har bakin titi.